Tiramadol, Mofin ko Filastar Fentanil: Wanne Ya Dace da Mai Ciwo Mai Tsanani?

Duk iyalin da ke jinyar mai ciwon daji, ko mai amosanin jini, ko wanda aka yi wa babban aiki, akwai ranar da farasitamol da ibufurofen za su daina taɓuka komai, likita kuma ya ce lokaci ya yi da za a hau maganin zafi mai ƙarfi. A Gombe, sunan da ke fara zuwa bakin 'yan jinya shi ne tiramol, wato tiramadol, domin shi aka sani, shi aka saba gani a hannun mutane, don haka ake ɗaukarsa a matsayin mai sauƙi. Idan kuwa likita ya ambaci mofin, sai ka ga fuskoki sun canza, wani daga cikin manyan gida ya matso ya ce, "Likita, don Allah a bar shi a kan tiramol ɗin, kada a kai ga wancan." Ni a ganina, wannan sakankancewa da tiramadol da wannan tsoron mofin duka biyu suna jawo wa marasa lafiya wahalar da za a iya kauce mata. Rubuta magani aikin likita ne, amma iyali ne ke amincewa ko su ƙi, su ne ke saye, su ne kuma ke bayarwa cikin dare, saboda haka ya kamata su san bambancin da ke tsakanin waɗannan magunguna.

Mofin shi ne babba a shekaru, kuma shi kaɗai ne a cikin ukun ake samu daga tsiro. Daga ƙaron ofiyom na furen fofi wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya ware shi a farkon shekarun 1800, kamfanin Merck kuma ya fara sayar da shi a 1827. Sauran biyun a ɗakin gwaji aka haɗa su tun daga tushe. Paul Janssen ne ya samar da fentanil a Beljiyam a wajajen 1960, kamfanin Grünenthal na Jamus kuma ya haɗa tiramadol a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977 da sunan Tramal. Abin da ya haɗa su dangi ɗaya shi ne dukkansu suna kama wasu gurabe da ake kira miyu a cikin ƙwaƙwalwa da laka, idan suka kama su kuma saƙon zafi yakan ragu kafin ya isa inda mutum zai ji shi. Waɗannan gurabe su ne kuma ke rage saurin numfashi da motsin hanji, shi ya sa amfanin magungunan da haɗarinsu suke fitowa ta ƙofa ɗaya.

Tiramadol ne ya fi buƙatar dogon bayani, domin aikinsa ya fi na sauran sarƙaƙiya. Kowace ƙwaya tana ɗauke da sinadarin a siffa biyu masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, kuma kowace siffa da nata aikin: ɗaya tana ƙara yawan sinadarin serotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ɗayar kuma tana ƙara noradirenalin. Shi kansa tiramadol ɗin ba ya kama guraben miyu da ƙarfi. Sai ya isa hanta, wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 ya juya shi zuwa wani abu da masana ke kira M1, sannan ainihin ƙarfinsa na dangin ofiyom yake bayyana. Matsalar ita ce ba kowace hanta ce ke yin wannan aiki daidai da wata ba, kuma gado ne ke yanke hukunci. A cikin Turawa, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kusan ba sa iya juya shi, don haka ba ya kashe musu zafi yadda ya kamata. A Habasha kuwa bincike ya gano kusan kashi 29 cikin ɗari suna juya shi da saurin da ya wuce kima, abin da ke nufin ƙwayar da ta yi wa wani daidai tana iya danne numfashin wani. Ba a yin gwajin gano wannan a asibitocinmu na yau da kullum, saboda haka duk wanda aka fara ba shi tiramadol, sai an sa masa ido kafin a san yadda jikinsa zai karɓe shi. Mofin ba ya jiran wannan juyi kafin ya fara aiki, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa likitoci suka fi iya hasashen abin da zai yi.

Wancan ɓangare na serotonin da noradirenalin shi ne ke sa masu aikin ƙarfi, 'yan acaɓa da masu dako da 'yan ƙwadago a gonaki, suke jin kamar an ƙara musu kuzari idan sun sha. Shi ne kuma tushen haɗarin da mofin ba shi da irinsa. Tiramadol yana iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan aka zarce ƙa'ida, ko kuma mutum dama yana da farfaɗiya, ko ya taɓa samun rauni a ka. Idan aka haɗa shi da magungunan damuwa irin su amitiriftilin ko fuluwoksetin, serotonin na iya yin yawa har mutum ya kama rawar jiki da zufa da zazzaɓi da ruɗewa, yanayin da kan kai ga rasa rai. Yana kuma iya saukar da sukarin jini, abin lura ga masu ciwon suga. A 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 tiramadol, ta kuma gargaɗi masu shayarwa su guje shi.

Idan aka zo batun ƙarfi, mofin ne ma'auni. Tiramadol yana da kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, wato miligiram 100 na tiramadol yana daidai da kimanin miligiram 10 na mofin na sha. Iyakar abin da aka yarda babban mutum ya sha na tiramadol a awa 24 miligiram 400 ne, tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko hanta kuma ba sa kai wannan. Idan aka yi lissafi, duk iya abin da tiramadol zai bayar a rana bai wuce aikin miligiram 40 na mofin ba. Wannan lissafi shi ne zuciyar maganar. Ciwon dajin da ya shiga ƙashi, ko na mama da ya buɗe ya zama gyambo, sau da yawa yakan wuce wannan mataki, kuma iyalin da suka nace sai tiramadol ba su da abin yi illa su ƙara ƙwaya a kan ƙwaya, su shiga yankin jijjiga alhali zafin bai kwanta ba. Mofin ba shi da irin wannan rufi. Likita yakan fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa a hankali gwargwadon zafin da kuma yadda jikin majinyaci ke ɗauka, har a kai inda zai yi barci ya kuma iya magana da mutane.

Wanda ya taɓa kwana a ɗakin masu ciwon daji ya san yadda abin yake. Ana ba da mofin na ruwa a kwalba, ɗan jinya ya ja adadin da aka rubuta da sirinji marar allura, ya matsa a gefen kumatun majinyaci, ya rubuta lokacin a takarda domin bayan awa huɗu za a sake. Cikin kamar rabin awa, dattijon da ya kwana yana nishi yana damƙe da ƙarfen gado sai ya saki hannunsa, ya nemi a tayar da shi zaune, ya yi taimama ya rama sallolinsa, ya sha kunu. Wannan shi ne abin da ake hana mutum idan aka ƙi mofin saboda tsoron sunansa. Zancen da ake yi cewa mofin yana gaggauta mutuwa ya samo asali ne daga yadda ake jinkirta shi sai majinyaci ya kai gargara, sai ya zamana mutane ba su taɓa ganin an ba da shi ba sai ga mai shirin cikawa. Idan aka ba da shi bisa ƙa'ida, mutum na iya yin watanni har shekaru a kansa yana harkokinsa. Masu ɗar-ɗar ta fuskar addini kuma su tuna cewa malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta shan abu don maye da shan magani don larura bisa umarnin likita.

Mofin ma yana da nasa nauyin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Kusan duk mai shansa sai ya yi fama da bushewar bayan gida, wadda ba ta gushewa da sabo, don haka ake rubuta maganin sassauta ciki tare da shi tun ranar farko. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan zo a kwanakin farko sannan su lafa. Babban abin lura shi ne ƙoda. Hanta tana juya mofin zuwa wasu sinadarai biyu da ƙoda ke fitarwa, idan ƙodar ta yi rauni sai su taru a jini, majinyaci ya riƙa yawan barci, ko fizgar gaɓoɓi, ko numfashinsa ya ja baya. A yankinmu na arewa maso gabas, inda ciwon ƙoda ya yawaita, tambayar ko an duba ƙodar majinyaci kafin a fara mofin tambaya ce da ya kamata kowane ɗan jinya ya yi.

A nan ne fentanil yake da gurbinsa, ko da yake gurbin ƙarami ne. Ƙarfinsa ya ninka na mofin sau 50 zuwa 100, shi ya sa ake auna shi da maikirogiram, wato kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Yana narkewa a cikin kitse sosai, don haka yake iya ratsa fata, kuma daga wannan hali ne aka samar da filastar da ake manna wa majinyaci a ƙirji ko a dantse, ta yi awa 72 tana sakin maganin sannu a hankali. Ba ya barin irin sinadaran da ke taruwa idan ƙoda ta gaza, kuma yana amfanar wanda ba ya iya haɗiya, kamar mai dajin maƙogwaro ko mai yawan amai. Amma filasta mai sakin maikirogiram 25 a awa tana daidai da kimanin miligiram 60 na mofin a rana, wato ta fi ƙarfin iyakar tiramadol gaba ɗaya, kuma manna ta ga wanda jikinsa bai saba da dangin ofiyom ba na iya tsayar da numfashinsa. Tana ɗaukar awa 12 zuwa 24 kafin ta kama aiki sosai, ko an cire ta kuma maganin da ya taru a ƙarƙashin fata yana ci gaba da shiga jini na tsawon awanni. Saboda haka ba ta dace da zafin da ya taso yanzu ba, ko wanda ke hawa yana sauka.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wato zafin gari. Ɗumin fata yana ƙara saurin shigar fentanil cikin jini. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke haura digiri 40, majinyacin da ke kwance a ɗaki mai rufin kwano ba fanka, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama, ko wanda ake gasa wa jiki da ruwan zafi kamar yadda muka saba, yana iya samun fiye da abin da aka auna masa, zufa kuma tana iya ɓalle filastar ba a lura ba. Ga tsada, ga wahalar samu a kai a kai. Wannan sinadari ne kuma, a siffarsa ta haramtacciyar haɗawa, ke kan gaba a mace-macen da suka haura 70,000 a shekara a Amurka tsakanin 2021 da 2023, abin da ke nuna ƙanƙantar tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke kisa.

Dole a ambaci allurai biyu da suka zama ruwan dare a wajen masu amosanin jini. Petidin, wanda aka haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930, yana barin wani sinadari a jiki da ke tayar da jijjiga idan aka maimaita shi, don haka ƙwararru suka daina ba da shawarar amfani da shi a kan tashin sikila. Pentazosin kuwa, wanda aka fi sani da sunan Fortwin, ƙarfinsa yana da iyaka, yana iya rage aikin mofin idan aka haɗa su, kuma likitocin Najeriya sun sha rubuta rahoto a kan matasa masu sikila da suka kamu da jarabarsa. Alamarsa ba ta ɓuya: cinyoyi da duwawu da dantse sun yi tauri kamar itace saboda yawan sukar allura, ga tabo baƙaƙe, ga gyambon da ya ƙi warkewa, wani lokaci har gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. A ƙasar da ake haifar kimanin jarirai 150,000 da wannan ciwo a kowace shekara, abin takaici ne a ce allurar da aka fi samu cikin sauƙi ita ce mai barin irin wannan ɓarna. Ga tashin sikila mai tsanani, mofin a asibiti tare da ƙarin ruwa da sa ido shi ne abin da ƙa'idojin jinya suka fifita.

Ta fuskar doka, abin ya zo a juye, kuma juyewar ce ta haifar da halin da muke ciki. Mofin da fentanil da petidin suna cikin jadawali na ɗaya na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, don haka kowace ƙasa sai ta miƙa ƙiyasin buƙatarta na shekara ga hukumar sa ido da ke birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, kuma ana bin diddigin abin da aka shigo da shi. A Najeriya ta hannun Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ake shigo da su, a ajiye a rumbun magunguna na tarayya da ke Oshodi a Legas, sannan asibitocin da ke da izini su karɓa. A ɗakin magani na asibiti, cikin akwati mai makulli ake ajiye su, kowane adadi da ya fita kuma sai an shigar da shi littafi da sunan majinyaci da sa hannu. Wannan tsari ya sa samun jabun mofin ta hanyar asibiti abu ne mai wuya, amma ya sa kuma ana yawan rasa shi a ƙananan asibitoci, har mutumin Nafada ko Dukku ko Kaltungo sai ya zo cikin Gombe, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, kafin ya ga likitan da ya saba rubuta shi.

Tiramadol kuwa har yau ba ya cikin jadawalin yarjejeniyoyin duniya kan miyagun ƙwayoyi. Kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sake duba shi a 2018 bai ba da shawarar sa shi ba, saboda fargabar kada marasa lafiya a ƙasashe matalauta su rasa maganin da shi kaɗai suke iya samu. Ƙasashe ne suka riƙa ɗaure shi ɗaya bayan ɗaya: Masar a 2012, Amurka da Birtaniya a 2014, Indiya kuma, inda mafi yawan wanda ke shigowa Afirka ta Yamma yake fitowa, a 2018. A Najeriya NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da mai 100 kawai, kuma sai da takardar likita. Masu ƙananan shagunan kemis ba su da izinin sayar da shi. Duk wanda aka rubuta wa 200 ko 225 ko 250 a jikin kwalinsa haramtacce ne, babu mai tabbacin abin da ke ciki, kuma safararsa na kai mutum gaban Babbar Kotun Tarayya a ƙarƙashin dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989. Bayan Indiya ta matsa, sai ga ƙwayoyin da aka haɗa tafentadol, wani ɗan dangin ofiyom, da karisofurodol, maganin sassauta tsoka, sun cika kasuwa cikin irin wannan kwali mai lamba 225, haɗin da Indiya ta haramta a 2025. Binciken shan ƙwayoyi na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 ne ke shan dangin ofiyom na asibiti ba bisa umarnin likita ba, galibinsu tiramadol. Wani abin lura kuma, a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙara filastar fentanil a jerin muhimman magungunanta domin ciwon daji, inda mofin ya daɗe, amma ba ta amince da sa tiramadol ba.

Idan aka tattara waɗannan a gaban majinyaci guda, zaɓin yakan fito fili. Ga zafi matsakaici na ɗan lokaci, kamar bayan ƙaramin aiki ko karaya, a jikin babban mutum marar farfaɗiya wanda ba ya shan maganin damuwa, tiramadol na asibiti na 'yan kwanaki ya wadatar, kuma ba a buƙatar wuce shi. Ga zafi mai tsanani mai ɗorewa, musamman na ciwon daji, ni mofin na sha nake ganin ya fi cancanta, domin ya fi filasta araha, ana iya daidaita shi daga rana zuwa rana, kuma an fi sanin halinsa. Alamar cewa lokacin sauyawa ya yi ita ce majinyaci ya kai iyakar tiramadol amma har yanzu zafi na tashinsa daga barci. Filastar fentanil ta wanda aka riga aka daidaita zafinsa da mofin ce, sannan haɗiya ta gagara ko ƙoda ta yi rauni, kuma akwai mai lura da shi a gida.

Game da tsoron jaraba, akwai bambanci tsakanin sabon jiki da jaraba. Duk wanda ya yi makonni a kan ɗaya daga cikin ukun, jikinsa zai saba, idan aka yanke masa farat ɗaya zai yi hamma da zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, na tiramadol ma har da firgici da ruɗewa. Maganin wannan shi ne likita ya riƙa ragewa a hankali. Jaraba kuwa ita ce neman maganin don jin daɗinsa duk da cutar da yake yi, kuma haɗarinta ya fi yawa ga wanda dama yana da tarihin shaye-shaye, abin da ya kamata a gaya wa likita ba tare da kunya ba. Haka nan a gaya masa idan majinyaci na shan maganin barci irin su diyazifam, domin haɗa su da dangin ofiyom na daga cikin manyan hanyoyin da numfashi ke tsayawa.

Idan majinyaci ya yi barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa ya yi jinkiri ƙwarai, baƙin idonsa ya tsuke ya zama ɗigo, a garzaya da shi asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. Akwai allurar nalokson da ke karya aikin mofin da fentanil cikin mintoci, sai dai a kan tiramadol wani ɓangare kawai take warwarewa, ba ta kuma hana jijjiga. A gida, a kulle maganin inda yara da matasa ba za su kai ba, kada kuma a ɗiba wa wani mai ciwon baya ko haƙori don tausayi. Filastar da aka cire tana da sauran magani mai yawa a jikinta, don haka a ninke ta ɓangaren mannewa ya haɗu, a mayar wa ɗakin magani tare da duk abin da ya rage idan jinya ta ƙare. Wanda zai ɗauki maganin daga Gombe zuwa Kumo ko Bajoga ko Billiri ya bar shi a cikin kwalbarsa mai lakabin asibiti, ya riƙe takardar likita da katin majinyaci a aljihu, domin su ne za su yi masa bayani idan jami'ai suka tsayar da mota a hanya.